Baƙin Allon Linux: Ka Fara Tambayar Kwamfuta Kafin Ka Ba Ta Umarni

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa, da aka ce jama'a su koma, ta zo da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da dama ba za su iya cikawa ba: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, in kuma firosesarta ta Intel ce, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Duk wanda ya san irin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu da masu shagunan buga takardu ya san da yawansu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso, amma da sauran ƙarfinsu. Shi ya sa ake ta samun masu ɗora musu Ubuntu ko Linux Mint, nau'o'in babbar manhajar Linux da ke maye gurbin Windows, tunda kyauta ne kuma tsohuwar na'ura tana iya ɗauka.

Makon farko komai kan tafi sumul. Sai ranar da Wi-Fi ya ɗauke, ko sabuntawa ta maƙale a tsakiya, ko kwamfutar ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta. Duk inda mutum ya kai kuka amsar ɗaya ce: buɗe taminal, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta kaza. A nan mutane suke kasuwa gida biyu. Akwai wanda da ya ga baƙin allo sai gabansa ya faɗi, ya gwammace ya goge komai ya sake ɗora manhajar daga farko. Akwai kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, mai kwaso duk umarnin da ya tsinta a intanet ya zuba ba tare da ya san abin da yake cewa ba. Wannan daidai yake da wanda ya karɓi ragowar ƙwayar maƙwabcinsa ya haɗiye, don kawai su biyun kansu ke ciwo.

Abin da su biyun ba su lura da shi ba shi ne umarnan taminal iri biyu ne. Akwai masu tambaya, waɗanda ba sa taɓa komai: nawa ya rage a faifai, wa ke cinye ƙwaƙwalwa, me ya faru kafin na'ura ta mutu. Akwai masu sauyawa: goge, ɗora, canza izini, tsara faifai. Na farkon ka gwada su son ranka, ko sau ɗari ne, ba abin da zai lalace. Na biyun su ne ake yi wa taka-tsantsan. Mafi yawan aikin gano matsala kuwa da na farkon ake yin sa, umarnin gyaran kansa sau da yawa layi ɗaya ne tak a ƙarshe.

Sanin asalin abin yana rage tsoronsa. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ta gaji ɗabi'unta ne daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a 1969 a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. A wancan zamani wata na'ura ce mai kama da tafireta take buga amsar kwamfuta a takarda, kuma fitacciyar cikinsu, Teletype Model 33, haruffa 10 kacal take bugawa a daƙiƙa. Dole aka taƙaita magana. Shi ya sa sunayen umarni suke guntaye, `ls` da `cp` da `mv`, shi ya sa kuma in aiki ya yi daidai ba a ce maka komai. Ka kwafi fayil, layi ya dawo shiru, to an gama ke nan. In kana son tabbaci ka rubuta `echo $?`, sifili na nufin nasara, duk wata lamba kuma akwai magana. Manhajar da ke karɓar rubutunka tana fassara shi, wato Bash, Brian Fox ne ya fitar da ita a 1989, kuma ita ce dai ke gabanka yau a Ubuntu da Mint.

Yawancin umarni sassa uku ne: sunansa, zaɓin yadda zai yi aiki, da abin da zai yi aikin a kai. A `ls -lh /var/log`, `ls` shi ne "nuna mini abin da ke ciki", `-lh` na cewa a yi dalla-dalla da girman da mutum zai gane, sauran kuma wurin da za a duba ne. Duk umarnin da aka ba ka, kana iya rarraba shi haka, ka duba kowane zaɓi da `man ls` ko `ls --help` kafin ka danna Enter. A cikin `man`, ka danna `/` ka rubuta abin da kake nema, `q` kuma ta fitar da kai.

'Yan dabarun hannu ba sa buƙatar dogon bayani. Maɓallin Tab na ƙarasa maka sunan fayil, kuma shi ne babban maganin kuskuren rubutu. Kibiyar sama na dawo da umarnin baya, Ctrl+R na bincika waɗanda ka taɓa rubutawa, Ctrl+C na tsayar da abin da ke gudana. Kwafa da liƙawa a taminal sai an haɗa da Shift: Ctrl+Shift+C da Ctrl+Shift+V. In an tambaye ka kalmar sirri ka ga ba abin da ke fitowa, ci gaba da rubutu, a yawancin sigogin Ubuntu haka aka tsara shi. Babban harafi da ƙarami kuma ba ɗaya ba ne a wurin Linux, `Takardu` daban, `takardu` daban.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu masu rubutu da Hausa. Ka ce kana da fayil mai suna 'yan makaranta.odt. In ka rubuta sunan haka tsirara, Bash za ta ɗauki waƙafin saman nan a matsayin buɗe zance, ta sauko da alamar `>` tana jiran ka rufe, kai kuma ka ɗauka ta daskare. Ka danna Ctrl+C ka fita, sannan ka sa sunan cikin alamar zance mai ido biyu, `"'yan makaranta.odt"`. Haka duk sunan da ke da tazara a tsakiya. Tunda an zo nan: haruffanmu masu lanƙwasa suna nan a Linux, akwai tsarin kibod na Hausa a cikin saituna, kuma a yawancin manhajoji Ctrl+Shift+U da lamba 199 sai Enter na ba ka ƙ, 257 na ba ka ɗ, 253 na ba ka ɓ.

Yanzu ga ginshiƙin al'amarin, wato karanta saƙon kuskure. Mutane da yawa da sun ga dogon rubutun Turanci sai idonsu ya tsallake shi. Alhali saƙonni uku ne suka fi yawa. `command not found` na nufin ko ka kuskure harafi ko ba a ɗora manhajar ba, kuma Ubuntu kan faɗa maka sunan ƙunshin manhajar da za ka ɗora. `No such file or directory` na nufin ba a inda kake zato kake tsaye ba. `pwd` zai gaya maka inda kake. `Permission denied` kuma batun izini ne, za mu zo kansa. In saƙonni suka zubo da yawa, ka hau sama ka nemo na farko. Shi ne sanadi, na ƙasa duk ɓaraguzansa ne.

Mu ɗauki matsalar da ta fi addabar mu a wannan yanki: ana cikin sabuntawa aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar laftof kuma ba ya riƙe caji. Don gane abin da ya lalace, sai an san ma'aikata biyu ne ke wannan aiki. `apt` shi ke zuwa rumbun manhajoji ya sauko da ƙunshi ya kuma lissafa wanne ke buƙatar wanne. `dpkg` shi ke kwance ƙunshin ya jera fayilolinsa, sannan ya dawo a zagaye na biyu ya daidaita su. In wuta ta tafi tsakanin kwancewa da daidaitawa, ƙunshi na nan rabi a ciki rabi a waje, kuma `apt` ba zai yarda ya ƙara taɓa komai ba. Saƙon da zai ba ka ya ƙunshi maganin a cikinsa: `dpkg was interrupted, you must manually run 'sudo dpkg --configure -a' to correct the problem`. Ka yi abin da ya ce (`sudo` ɗin da ke gabansa na nufin a yi aikin da cikakken iko a kan na'ura). In akwai sauran ƙunshin da ke jiran abokan tafiyarsa, ka bi da `sudo apt --fix-broken install`. Sau da yawa shi ke nan, babu buƙatar goge na'ura.

Ɗan'uwan wannan saƙo shi ne `Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend`. A nan ne ake yawan bai wa mutane gurguwar shawara, a ce su goge fayil ɗin kwaɗon, wato `lock` ɗin da saƙon ya ambata. Kwaɗon nan an sa shi ne don kada ma'aikata biyu su riƙa rubutu a kundi ɗaya lokaci guda. In ka karanta saƙon har ƙarshe, sababbin sigogi na faɗa maka lambar aikin da ke riƙe da shi da sunansa, kuma galibi za ka tarar manhajar sabunta tsaro ce mai aiki da kanta jim kaɗan bayan an kunna na'ura. Ka ba ta 'yan mintuna ta gama. Wanda ya fasa kwaɗo alhali ana aiki a ciki, shi da kansa ya jawo irin lalacewar da ɗaukewar wuta ke jawowa.

Akwai hanyar kauce wa duka wannan da nake ganin ta dace da yanayinmu ƙwarai: raba saukowa da ɗorawa. `sudo apt upgrade --download-only` zai sauko da komai ya ajiye ba tare da ya taɓa na'ura ba, kuma in layi ya yanke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Sai ka yi wannan lokacin da data ke da sauƙi, ka bar ɗorawar sai batiri ya cika ko janareta na aiki. Sashen da ke da haɗari ya koma 'yan mintuna ke nan maimakon awa guda. Babban fayil kuma ka sauko da shi da `wget -c`, shi ma yana ɗorawa daga inda ya yanke.

Wani lokaci ɗaukewar wutar ta fi haka ɓarna. Ka kunna, maimakon fuskar da ka saba sai ga baƙin allo da kalmar `initramfs` a farkon layi, a samanta an rubuta `UNEXPECTED INCONSISTENCY; RUN fsck MANUALLY`. Tsarin ajiya na ext4 yana da kundin da yake rubuta niyyarsa kafin ya aikata, kuma da shi yake gyara kansa bayan yawancin mutuwar fuju'a. Wannan karon dai ya ga abin da ba zai yanke hukunci a kai shi kaɗai ba. Ka duba layin, sunan ɓangaren faifan na nan a rubuce, wani abu kamar `/dev/sda2` ko `/dev/nvme0n1p2`. Ka yi amfani da wanda allonka ya nuna, kada ka ɗauko na wani: `fsck -y /dev/sda2`, in ya gama ka rubuta `exit` ko `reboot`. Sharaɗi ɗaya mai nauyi: ba a yin `fsck` a kan ɓangaren da ke buɗe ana aiki da shi. A wannan baƙin allon ba a riga an buɗe shi ba, shi ya sa ya halatta.

In abin ya riƙa maimaituwa ko ba a ɗauke wuta ba, to ka daina zargin wuta, ka tambayi faifan kansa. Ka ɗora `smartmontools`, ka rubuta `sudo smartctl -a /dev/sda`, ka nemi layukan `Reallocated_Sector_Ct` da `Current_Pending_Sector`. In lambar ƙarshen layin ta bar sifili kuma tana hawa daga mako zuwa mako, faifan na mutuwa ne, kuma babu umarnin da zai raya shi. Ka kwashe kayanka yau. Ina ma duk mai sayen laftof na hannu zai yi wannan binciken tun a shago, domin a wurin zai ga har yawan awannin da faifan ya yi yana aiki.

Kwamfuta na rubuta kusan duk abin da ya same ta, kuma tun daga 2015 da Ubuntu ta koma tsarin systemd, ƙofar wannan kundi ita ce `journalctl`. In ka buɗe shi haka kawai zai yi maka yawa, sai an taƙaita tambaya. `journalctl -b -p err` na nuna kurakuran wannan kunnawar kaɗai. `journalctl -b -1 -e` na kai ka ƙarshen kunnawar da ta gabata, wato mintunan ƙarshe kafin ta daskare jiya. Wanda na fi so in nuna wa mai koyo shi ne kallon kundin kai tsaye. Ka rubuta `sudo dmesg -w`, ka bar shi a buɗe, ka cusa filas ɗin da ya ƙi fitowa. In lafiyarsa ƙalau, nan take za ka ga layuka sun sauko: an ga sabuwar na'urar USB, ga sunan kamfaninta, ga girmanta, an ba ta suna `sdb`. In ka ga `device descriptor read` da `error`, matsalar na ramin ne ko waya ko filas ɗin kansa. In kuwa ko layi ɗaya bai motsa ba, na'urar ba ta ma san an cusa wani abu ba, don haka duk wani umarnin manhaja ɓata lokaci ne, ka gwada wani ramin.

Cikar faifai na zuwa da fuskoki masu ruɗarwa. Mafi shahara: ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri, haka dai ba iyaka. Dalili shi ne shiga na buƙatar rubuta 'yan ƙananan fayiloli, wuri kuma babu. Ka danna Ctrl+Alt+F3, za ka samu taminal tsantsa da ba ta dogara da fuskar hoto ba. Ka shiga ka rubuta `df -h`. In layin `/`, wato tushen duk foldojin na'ura, ya nuna 100%, an gano. Sai tambaya ta biyu, me ya cinye:

`sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h`

Sandar nan ta tsakiya ita ce bututun da ke miƙa amsar umarni ɗaya ga na gaba, tunanin Douglas McIlroy da ya shiga Unix a 1973. `du` ya auna, `sort` ya jera, mafi girma ya faɗo ƙasa. Ka shiga wannan mafi girman ka sake aunawa, har ka kai ga mai laifi. Waɗanda aka saba kamawa ba su da yawa: ƙunshin da `apt` ya ajiye, wanda `sudo apt clean` ke sharewa; tsofaffin kanel, wato zuciyar Linux, da `sudo apt autoremove` ke cirewa; kundin da ya kumbura, da `sudo journalctl --vacuum-size=200M` ke ragewa; sai tsofaffin kwafin manhajojin Snap, wani tsarin ɗora manhaja a Ubuntu, waɗanda `snap list --all` ke nuna su da alamar `disabled`. Kafin ka amsa wa `autoremove` da e, ka karanta jerin abin da zai cire.

Matsalar intanet ita ma hawa-hawa ce, kowace tambaya na rufe ƙofa ɗaya. `rfkill list` zai nuna ko an toshe Wi-Fi. `Hard blocked: yes` na nufin maɓalli ne a jikin laftof ko a kibod. `ip -br a` zai nuna ko ka samu adireshi. `ping -c 3 1.1.1.1` zai gwada ko kana isa waje da lamba, `ping -c 3 google.com` kuma ko kana isa da suna. In na lamba ya yi, na suna ya ƙi, layinka lafiya lau, mai fassara sunaye zuwa lambobi ne ya samu matsala, wato DNS, sai ka duba `resolvectl status`. In kana da adireshi amma duka biyun sun ƙi, kuma daga wayarka kake jan intanet, ka fara duba ko data ce ta ƙare. In kuwa babu Wi-Fi ɗin gaba ɗaya a jeri, `lspci -k` zai nuna katin Wi-Fi da direbansa, wato manhajar da ke tuƙa shi. Rashin layin `Kernel driver in use` a ƙarƙashinsa na nufin babu direba. Katunan Broadcom da ke cikin tsofaffin laftof sun yi suna a wannan. Ka haɗa waya da kebul ka ara wa kwamfutar intanet ta USB, wanda Linux ke ganewa ba tare da wahala ba, sannan `ubuntu-drivers devices` ya gaya maka abin da za ka ɗora.

Agogo ma na hana intanet, ko da yake ba a cika kawo shi a rai ba. In ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a cikin allon na'ura ya mutu, kwanan wata na komawa shekarun baya, shafuka su ƙi buɗewa da ƙorafin takardar shaida, `apt` kuma ya ce `Release file is not valid yet`. `timedatectl` zai nuna maka ranar da na'ura ke zato. Masu Windows da Linux a na'ura ɗaya kuma sukan ga agogo ya goce da awa ɗaya cif duk lokacin da suka sauya, saboda Linux na ajiye lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, a agogon ciki, Windows na ajiye na gida, Najeriya da Nijar kuma suna gaban UTC da awa ɗaya. 'Yan'uwanmu na Gana ba sa ganin wannan, lokacinsu daidai yake da UTC.

Sai batun izini, inda aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ka rubuta `ls -l` ka dubi layi ɗaya da kyau:

`-rw-r--r-- 1 root root 20480 rahoto.odt`

Bayan alamar farko, haruffan tara uku-uku ne: na mai fayil, na ƙungiyarsa, na sauran jama'a. Mai shi na iya karantawa da rubutawa, saura karatu kawai. Mai shi kuwa `root` ne, babban mai iko da na'ura. In wannan fayil a cikin foldarka yake, to wata rana an buɗe shi da `sudo` ne, ya fita daga hannunka, shi ya sa yanzu ake ce maka `Permission denied`. Gyaransa mayar da mallaka ne a kan wannan fayil kaɗai: `sudo chown $USER: rahoto.odt`. Abin da ake yawan faɗa wa mutane kuwa shi ne `chmod -R 777`. A lissafin izini karatu 4 ne, rubutu 2, zartarwa 1, don haka 7 uku na nufin kowa ya yi abin da ya ga dama, `-R` kuma na zurfafa shi cikin duk abin da ke ƙasa. Wanda ya yi wa `/` ko `/usr` haka ya lalata `sudo` ɗin kansa, domin yana dogara da wani izini na musamman da wannan umarni ke sharewa. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma a nan kam sake ɗora manhaja ya fi sauƙi.

Ra'ayina a kan `sudo` mai tsauri ne: kada ya zama abin da ake liƙawa a gaban duk umarnin da ya ƙi. Ƙin da na'ura ta yi tambaya ce gare ka, shin da gaske kana nufin taɓa abin da ba naka ba? Haka umarnin da ke sauko da rubutu daga intanet ya zuba shi kai tsaye cikin `sudo bash`. Ka sauko da shi tukuna, ka buɗe da `less` ka gani, ka kuma san daga wa ya fito.

`rm`, umarnin gogewa, ba shi da kwandon shara, abin da ya goge ya tafi. Ƙwararru ma sun ƙone a nan. A Janairun 2015 aka gano wani layi a manhajar wasanni ta Steam ta Linux: `rm -rf "$STEAMROOT/"*`. An so ya share foldar manhajar ne, amma a wani yanayi sunan foldar kan zo fanko, sai layin ya koma share komai tun daga tushe, kuma akwai wanda ya rasa duk fayilolinsa har da na faifan waje da ke haɗe. Kariyar da nake bai wa kowa mai sauƙi ce: duk abin da za ka goge, ka fara sa `ls` a wurin `rm` ka ga jerin da idonka. In ya yi daidai, kibiyar sama, ka canza kalmar farko kawai. `gio trash` kuma na tura fayil kwandon shara ga mai son hanyar dawowa.

In na'ura ta yi nauyi, `free -h` zai nuna ƙwaƙwalwa, kuma ginshiƙin `available` ake dubawa, domin Linux na aron wurin da ba kowa don saurin aiki, ta sake shi da an buƙata. `top` zai nuna mai cinyewa da lambarsa. `kill` da lambar na roƙonsa ya tattara ya fita. `kill -9` na fizge shi ba tare da ya adana komai ba, don haka shi ne na ƙarshe. In komai ya daskare har Ctrl+Alt+F3 ya ƙi, kafin ka danne maɓallin wuta ka riƙe Alt da PrtSc, ka danna S, ka ɗan jira, U, ka ɗan jira, sannan B. Na farko na zuba abin da ke ƙwaƙwalwa a faifai, na biyu na rufe faifan daga rubutu, na uku na sake kunnawa. Wannan kan raba ka da baƙin allon `fsck` da muka yi magana a kai.

In lokacin sauya wani abu ya yi, abu ɗaya ake sauyawa a gwada, kuma a bar hanyar komawa. Kafin ka taɓa fayil ɗin saiti ka kwafe shi: `sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho`. Shi `fstab` musamman, mai jerin faifan da za a buɗe lokacin tashi, kuskuren harafi ɗaya na iya hana na'ura tashi, don haka ka gwada da `sudo findmnt --verify` tun kafin ka kashe. In kuma bayan sabuntawa ne sauti ko Wi-Fi ya ɓace, tsohon kanel na nan: ka riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin tashi, ka shiga `Advanced options` a jerin GRUB, wato jerin zaɓin da zai fito, ka zaɓi na baya. In matsalar ta tafi, ka san inda take.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: me ya canza tun lokacin da abin ke aiki? Mutum na mantawa, amma `history` na riƙe da umarnan da ka rubuta, `/var/log/apt/history.log` kuma na riƙe da duk abin da aka ɗora ko aka cire da ranarsa da sa'arsa. In ka kai inda dole ka nemi taimako, waɗannan za ka tafi da su, tare da ainihin umarnin da ka rubuta da saƙon kuskuren a rubuce, cikakke, maimakon hoton allo da aka ɗauka da waya. `inxi -Fxz` na tattara bayanin na'urarka a shafi ɗaya, `z` ɗin kuma na ɓoye lambobin da bai kamata bare ya gani ba. Yana zuwa da Mint, a Ubuntu sai ka ɗora shi. Wanda na'urarsa ke magana da Faransanci, kamar da yawa a Maraɗi ko Damagaram, ya sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin, misali `LC_ALL=C sudo apt update`. Saƙon zai fito da Turanci a wannan karon kaɗai, kuma da shi aka fi samun amsa in an bincika.